Filin Tambaya da Amsa: Ido Ya Ce 550, Na'ura Ta Ce 300, Wa Ya Yi Gaskiya?

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan abu guda: na'urorin da ke tace kashi ko ƙasa, su ɗauki hoto, su ƙirga ƙwan tsutsa da kansu. Wannan shi ne aikina a ɗakin gwaje-gwaje. Da ido na koye shi, yanzu kuma ina haɗa ido da na'ura. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon tumaki. Na ɗebi kashin rago ɗaya na raba biyu, na kai wurare biyu. Inda ake dubawa da ido sun ce ƙwai 550 a kowane giram, inda ake aiki da na'ura sun ce 300. Wanne ne ya yi mini ƙarya? Daga wani mai kiwo.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai yiwuwa ne ƙwarai babu wanda ya yi maka ƙarya. Bari in nuna maka inda 550 ɗin nan ta fito, daga nan za ka gane sauran da kanka.

Hanyar da aka fi bi wajen duba kashin dabbobi ita ce ta McMaster, wadda Gordon da Whitlock suka fito da ita a Ostireliya a 1939. Ana auna kashi giram 2, a dama shi da ruwan gishiri mililita 28, a tace da rariya. Ruwan ba ɗan gishiri ake barbaɗa masa ba, ana ta zuba masa har sai ya ƙi narkar da ƙari. Lita ɗaya ta irin wannan ruwa nauyinta kilo 1.2 ne, ta ruwa zalla kuwa kilo 1. Ƙwan yawancin tsutsotsin ciki bai kai ruwan gishirin nauyi ba, don haka sai ya taso sama, yashi da manyan tarkace su zauna a ƙasa. Sai a tsotsi kaɗan a cika wani gilashi mai ɗakuna biyu, kowane ɗaki da layuka a zane a rufinsa. A jira minti kaɗan ƙwan ya taso ya manne a ƙarƙashin rufin, sannan a sa a madubin likita a bi layi-layi ana ƙirgawa. Abin da ke ƙarƙashin zanen ɗakunan biyu mililita 0.3 ne kacal, wato kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka dama. Saboda haka duk ƙwai ɗaya da ido ya gani, sai a ninka shi sau 50.

To ka ga, wanda ya rubuta maka 550, ƙwai 11 ya gani. Da ya sake tsotsa daga kofin nan ɗaya, zai iya ganin 7, zai iya ganin 15, ba tare da ya yi sakaci ko kaɗan ba, domin ƙwai ba ya rarraba kansa daidai a cikin ruwa. Masu lissafi sun san girman wannan tangarɗar: idan ka ƙirga 11, ainihin adadin zai iya kasancewa ko'ina daga wajen ƙwai 275 zuwa kusan 1,000 a giram. Sakamakon na'urarka, 300, yana ciki. Abin ma ya fi muni idan ƙwan kaɗan ne. Dabbar da ke da ƙwai 50 a giram, idan aka duba ta wannan hanya, fiye da sau ɗaya cikin uku za a ce ba a ga komai ba.

Maganin wannan shi ne a duba kashi mai yawa. Shi ya sa masana a jami'ar Napoli ta Italiya, ƙarƙashin Farfesa Giuseppe Cringoli, suka ƙera Mini-FLOTAC, wani abin ƙirga ƙwai a madubin likita mai ɗakuna biyu na mililita ɗai-ɗai, inda ake ninka ƙwai sau 5 kawai a kashin dabbobi. Kuma a nan ne na'ura ke da amfani na gaske, tunda ba ta gajiya da duba fili mai faɗi. Sai dai na'urorin ba iri ɗaya ba ne. FECPAK ta Niyu Zilan tana tattara ƙwan da ya taso zuwa wuri guda ta ɗauki hotonsa, a tura ta intanet. Parasight, wadda aka fara ƙera ta a jihar Kentaki ta Amurka don dawakai, tana tare ƙwan a kan matacin raga, ta rina shi da wani sinadari mai manne wa kaitin, wato abu mai tauri da ke cikin ɓawon ƙwan. Idan aka haska shuɗin haske sai kowane ƙwai ya yi ƙyalli kore a cikin duhu, manhaja ta ƙirga. Vetscan Imagyst kuwa tana bin gilashi ne gaba ɗaya da kyamara, ƙirƙirarriyar basira ta zaɓo abin da ya yi kama da ƙwai. Kowacce tana asarar wani kaso na ƙwan a wajen tacewa, kuma kason ya bambanta. Don haka lambar wannan hanya ba ta zama ma'aunin ta waccan.

Akwai kuma abin da ya faru tun kafin ka bar gida. Ka ce ka raba kashin biyu. Ka murƙushe shi ka cakuɗa sosai kafin ka raba, ko kuwa ƙwayoyin kashin ka ware gida biyu? Ƙwai ba ya zama daidai a kowace ƙwaya. Wannan kaɗai ya isa ya kawo bambancin da ka gani.

Shawarata, ka zaɓi wuri ɗaya da hanya ɗaya ka tsaya a kai, kuma ka tambaye su sau nawa suke ninkawa. Tambaya ce da kake da haƙƙin yi. Sannan kada ka hukunta garke da rago ɗaya, domin a kowane garke dabbobi ƙalilan ne ke zubar da mafi yawan ƙwan. Ka ɗebo daga goma zuwa goma sha biyar. Idan so kake ka san ko maganin tsutsarka yana aiki har yanzu, ka gwada ranar da za ka ba su, ka sake gwada dabbobin nan bayan kwana 10 zuwa 14, ta hanya ɗaya. Ƙa'idar da masana tsutsotsin dabbobi suka fitar a 1992 ta ce idan ƙwan bai ragu da kashi 95 cikin ɗari ba, a fara zargin tsutsar ta saba da maganin.

Wani abu kuma da nake so duk mai kiwo ya riƙe: takardar sakamako ba ta maye gurbin duba dabbar. Tsutsar nan mai shan jini a cikin tumbin tumaki da awaki, Haemonchus contortus, macenta na iya yin ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, amma sai ta yi kusan mako uku a ciki kafin ta fara. A cikin waɗannan makonni tana shan jini, kashin kuma fes. Ka riƙa jan fatar idon dabbarka ta ƙasa kana dubawa. Idan ja ce, madalla. Idan ta yi fari-fari, ka nemi likitan dabbobi ko da na'ura ta ce sifili. A kan wannan aka gina katin FAMACHA na Afirka ta Kudu mai launuka biyar, wanda ake gwada launin fatar idon da shi. Haka ƙwan tsutsar hanta: yana da nauyi, ba ya tasowa a ruwan gishiri, sai an bar shi ya kwanta a ƙasan ruwa zalla. Idan ita kake zargi, ka faɗa musu tun farko.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a fannin gwaje-gwajen asibiti. Ana ta ce mana nan gaba kwamfuta ce za ta riƙa karanta gilashin bayan gida. Ta yaya take gane ƙwai? Kuma akwai amfanin wahalar da muke sha wajen haddace kamanninsu?

AMSA: 'Yata, akwai amfani, kuma ki ƙara himma. Kwamfutar ba ta san ƙwai ba sai wanda mutum ya nuna mata. Ana tara dubban hotuna, ƙwararru su zauna su zagaye kowane ƙwai su rubuta sunansa, sannan a ciyar da manhajar da su har ta koyi siffa da launi da kaurin ɓawo. Bayan nan idan aka ba ta sabon gilashi, sai ta zagaye duk abin da take zato, ta ba kowanne maki gwargwadon tabbacinta. Idan aka ɗaga makin da za a karɓa, ƙwai na gaske zai riƙa kuɓuce mata. Idan aka saukar, sai ta riƙa ɗaukar shara a matsayin ƙwai. Mutum ne ke yanke inda za a tsaya.

Kin san gilashin Kato-Katz, wanda Kato da Miura suka fara a Japan a 1954, Katz kuma ya gyara shi a Barazil a 1972. Ana danna bayan gida ta raga, a cika ramin wani ɗan faranti mai ɗaukar miligiram 41.7, a rufe da leda mai haske da aka jiƙa a gilisarin, wani ruwa mai kauri da ke sa gilashin ya washe, da koren rini, a ninka abin da aka gani sau 24. Gilashi ne mai kauri, ƙwai na iya kasancewa a sama ko a ƙasa, shi ya sa hannunki ba ya barin abin saita madubi. Kyamarar da ta ɗauki hoto a zurfi ɗaya kawai za ta bar wasu a dushe. Ga kuma lokaci: ƙwan tsutsa mai ƙugiya ɓawonsa siriri ne, gilisarin na wanke shi ya ɓace cikin minti 30 zuwa 60. Idan aka tara gilasai aka ce sai la'asar za a sa a na'ura, komai ƙwarewarta ba za ta ga abin da ya riga ya narke ba.

Sai masu yaudara. Ƙurar furanni tana da zagaye da ɓawo mai ƙaya-ƙaya, sak ƙwan macijin ciki ga wanda bai ƙware ba. Kumfar iska na da baki mai duhu da ciki wayam. Akwai ɓurɓushin tsirrai da 'ya'yan naman gwari. Shi kansa ƙwan macijin ciki, wato Ascaris, fuska uku gare shi: mai ɓawo ruwan ƙasa mai ƙuraje, wanda ɓawon wajen ya sulluɓe ya zama sumul, da kuma wanda namiji bai barbara ba, dogo mai cike da tsaki-tsaki. Ƙwan Trichuris, wata tsutsar hanji, ya fi sauƙi, mai siffar ganga da toshi a kai biyu. Na tsargiyar hanji babba ne mai ƙaya a gefe. Manhajar da aka koyar da hotunan wani yanki, da rini iri ɗaya da kyamara iri ɗaya, tana iya rikicewa idan aka kai ta inda abincin mutane da tarkacen cikinsu suka bambanta. Kuma abin da ba a taɓa nuna mata ba, ba za ta ce miki ga baƙo ba. Ko dai ta wuce shi, ko ta laƙaba masa sunan wanda ya fi kama da shi. Wannan ne ya fi damuna, domin baƙon ƙwai shi ne sau da yawa labarin da likita ke nema.

Amma kada ki ɗauka ina kushe ta. Duk wanda ya yi wuni a kan madubi ya san gilashin ƙarshe ba ya samun idon da na farko ya samu. Wuya ya ƙage, ido na yaji, ga layi na jira. Na'ura ba ta da wannan. Wani bincike da aka yi a gundumar Kwale ta Kenya, aka wallafa a 2024, ya nuna manhaja ta tsinto ƙwai a gilasan da masu dubawa da ido suka ce babu komai, galibi na yara masu ƙwai kaɗan. Wannan na da muhimmanci yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan biliyan 1.5 na ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, kuma da lambobin Kato-Katz ake yanke shawara: inda kashi 20 cikin ɗari na yara ke da su, a raba magani sau ɗaya a shekara, inda ya kai kashi 50, sau biyu. Bayan shekaru ana raba magani, yawancin masu ɗauke da tsutsar ƙwansu ya yi kaɗan, wato daidai inda ido ya fi kuskure. Ƙari a kan haka, hoton yana nan a ajiye. A da, ƙa'ida ita ce wani babba ya sake karanta gilashi ɗaya cikin goma, amma ƙwan tsutsa mai ƙugiya ya riga ya ɓace kafin ya zo. Yanzu ko bayan wata guda za a iya buɗe hoton a duba.

Tsarin da na fi yarda da shi shi ne na'ura ta zaɓo, ta jera hotunan abin da ta samu a allo, ƙwararre ya bi ya ce wannan e, wannan a'a. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wanda zai zauna gaban allon nan dole ya san kamannin ƙwai fiye da na da, tunda abin da za a kawo masa masu wuyar ne zalla.

TAMBAYA: Malam, saiwar tumatirina ta yi ƙulu-ƙulu, ganyen na yaushi da rana ko da na yi ban ruwa. An ce tsutsar ƙasa ce. Akwai na'urar da zan zuba mata ƙasa ta gaya mini yawansu? Daga wani manomi.

AMSA: Alamun da ka faɗa sun yi kama da na tsutsar Meloidogyne. 'Ya'yanta da ke yawo a ƙasa tsawonsu wajen rabin milimita ne, ido ba ya ganinsu. Wahalar ƙasa ba a ƙirga take ba, a fitarwa take. Dole a raba halitta mai laushi kamar zare daga yashi da laka da ruɓaɓɓen ganye, kuma yawancin dabarun sun haura shekara hamsin, wasu ɗari.

Mafi sauƙi ita ce ta Baermann, wani likita da ya ƙirƙiro ta a 1917 a ƙasar da yau ake kira Indonesiya. A shimfiɗa ƙasa a kan takarda mai laushi bisa raga, a ɗora a mazurari ko faranti mai ruwa har ruwan ya taɓa ƙasar, a bari kwana ɗaya ko biyu. Tsutsotsi masu rai za su kutsa ta takardar su faɗa ruwa. Ka ga ke nan matattu da ƙwai ba sa shiga lissafi. Nathan Cobb a Amurka ya yi amfani da jerin rariya, daga mai manyan ƙofofi zuwa mai ƙanana. Oostenbrink a Holan ya ƙera bututun da ruwa ke tasowa daga ƙasansa da wani gudu da aka auna, yashi ya nutse, tsutsa ta yi sama. Akwai kuma nau'in da jikin macen ke bushewa ya zama 'yar jaka mai ɗaruruwan ƙwai, irin mai kama dankalin Turawa da waken suya. Idan ƙasar ta bushe waɗannan jakunkuna suna tasowa a ruwa, a kan haka gwangwanin Fenwick na 1940 ke aiki. Injunan zamani na manyan ɗakunan gwaji waɗannan dabarun suke bi, sai dai suna wanke samfura da yawa a jere da ruwa da lokaci iri ɗaya, wanda hannun mutum ba ya iyawa. A Jami'ar Jihar Iowa an yi aiki a kan na'urar da ke ƙirga ƙwan tsutsar waken suya daga hoto, bayan an fasa jakunkunan an rina ƙwan ya zama ja-ja. Duk da haka babu hanyar da ke fitar da duka, kuma ƙasa mai laka ta fi mai yashi riƙe su.

Abin da ya fi wannan: yawancin tsutsotsin da ke cikin ƙasa ba maƙiyanka ba ne. Ƙwayoyin cuta da naman gwari suke ci, suna taimaka wa taki ya ruɓe. Masu cin shuka ana gane su da wani ɗan tsinke a baki da suke huda saiwa da shi, kuma sai an ƙara girman madubi ake ganinsa. Na'urar da ta ƙirga duk abin da ya yi siffar zare ta ba ka lamba mai ban tsoro, ba ta gaya maka komai ba. Ka nemi a rubuta maka wane nau'i ne, da adadinsa a ƙasa mililita 100.

Wajen ɗiba, ka bi gonar a karkace kana tona wurare kamar ashirin, zurfin santimita 15 zuwa 20 kusa da saiwa, ka cakuɗa, ka ɗebi kamar rabin kilo, ka haɗa da saiwar kanta. Kada ka bar ledar a rana. Idan wake ko gyaɗa ka shuka, ka lura: ƙulun amfani da ke saiwarsu yana ɓallewa da yatsa, na tsutsa kuwa kumburin saiwar ne da kanta.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya kasayar da macijin ciki, na gani da idona, amma gwajin na'ura ya ce babu ƙwai. Yaya haka? Daga wata uwa.

AMSA: Malama, gani ya kori ji. Abin da kika gani hujja ce, ki gaya wa likita ya ba shi magani. Macen macijin ciki na yin ƙwai wajen 200,000 a rana, don haka idan tana nan da wuya a rasa. Amma idan maza ne kaɗai a cikin, ko ba su kai wata biyu zuwa uku da shiga ba, ko kuma wadda ta fita ita ce kaɗai, ba za a ga ƙwai ba. Idan kuma ƙanana ne farare kamar zare, yaron na susar dubura da dare, wannan wata tsutsa ce daban da ke yin ƙwanta a fatar waje. Ba a bayan gida ake nemanta ba, da salatif ake ɗauka da sassafe kafin wanka.

TAMBAYA: Ɗakin gwajin da nisa. Ta yaya zan ajiye kashin dabba kada ya lalace?

AMSA: Ka ɗauka da ɗuminsa, daga duburar dabbar da safar hannu, ko daga saman wanda ya faɗi yanzu, ba ɓangaren da ya taɓa ƙasa ba, domin ƙasa na da nata tsutsotsin da za su rikita lissafi. Ƙwai na buƙatar iska da ɗumi kafin ya ƙyanƙyashe, kuma a lokacin zafi kwana ɗaya ya ishe shi. Da zarar ya ƙyanƙyashe ya fita daga ƙirga, na ido ko na na'ura, tunda ƙwai aka koya mata, ba ɗan tsutsa ba. Don haka ka matse iskar ledar sarai ka ɗaure, ka rubuta lambar dabbar da kwanan wata, ka sa a firji ko cikin kula mai ƙanƙara da aka naɗe da tsumma. Sanyin digiri 4 ake so. Kada ya daskare, daskarewa na fasa ƙwan. A haka zai yi 'yan kwanaki lafiya. Amma idan za a reni ƙwan ne ya ƙyanƙyashe don a gane nau'in tsutsar, wanda ke ɗaukar mako ɗaya zuwa kwana goma, to ka ware wani kaso kada ka sa shi a firji, domin ƙwan Haemonchus ba ya jure dogon sanyi.